Marigayi Dokta Byang Kato, Yaron Da Aka Keɓe Wa Tsafi

Wanda duk ya zauna a Ikko ya san tashar motar nan ta Mushin da ake kira Challenge, wadda ba ta da nisa da Idi-Araba inda 'yan Arewa suka yi sansani. A Badun ma akwai unguwa guda mai wannan suna. Kwandastoci suna ta rafka kiran sunan dare da rana, amma kaɗan ne suka san asalinsa. Sunan ya samo tushe ne daga wata mujalla, African Challenge, wadda Turawan Mishan na SIM suka fara bugawa a Ikko cikin 1951, da kuma kantunan littattafai da suka ci sunanta. To, a ofishin mujallar nan na Mushin, daidai lokacin da Nijeriya take shirin karɓar mulkin kai, akwai wani saurayi ɗan ƙabilar Jaba daga Lardin Zariya wanda aikinsa shi ne amsa wasiƙun masu karatu. Baƙo ne a Kudu kamar sauran baƙi, ya zo neman ilmi da abin sawa a baka. Sunansa Byang Henry Kato, kuma kafin ya cika shekara 40 sai da sunan nan ya zaga coci-cocin Afirka da na Turai da Amurka.

An haife shi cikin watan Yuni na 1936 a Kwoi, babban garin Jaba, ƙasar da ta shahara da noman citta, wadda yanzu take cikin Jihar Kaduna. Su mutanen suna kiran kansu Ham, Hausawa ne suka sa musu Jaba. Tun 1910 Turawan SIM suka kafa tasha a Kwoi, watau a shekarar da suka kafa ta Karu a ƙasar Gbagyi, dab da inda Jikwoyi da Nyanya suke a yau. Amma zuwan Bature gari ba shi ne karɓar addininsa ba. Gidan su Kato gidan tsafi ne, kuma tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya gaji aikin tsafin gidan. Da ya kai wajen shekara 10 aka kai shi daji tare da tsararrakinsa aka yi musu al'adar shiga manya, aka nuna musu asiran da ba a faɗa wa mata da yara. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin duk gardamar da Kato ya yi da manyan malamai daga baya, ya yi ta ne a matsayin wanda ya shiga dajin da ƙafarsa.

Wata Baturiyar Mishan mai suna Mary Haas takan zo dandalin gari da garmaho tana sa faifai, yara su kewaye ta don su ji akwatin da ke magana. Byang yana cikinsu. Daga kallon garmaho sai ya fara zuwa makarantar Lahadi, daga nan ya ce shi sai boko. Uban ya ƙi, don a wurinsa hannu guda ne zai ragu a gona. Da ƙyar aka shirya a kan yaro ya yi noma da safe, ya tafi makaranta da rana. Yana da shekara 12, wata rana malaminsu, wanda ɗan ƙasa ne, ya ba su labarin Annabi Nuhu da jirginsa, ya nuna musu cewa waɗanda suka tsira daga ruwan tsufana ba iya iyo ne ya fisshe su ba, shiga jirgin ne. A nan cikin aji Byang ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Aka yi masa baftisma cikin 1948.

Abin bai yi wa uban daɗi ba ko kaɗan. Ya doke shi, ya hana shi abinci, ya ce ba zai biya ko anini na kuɗin makaranta ba. 'Yan Mishan ne suka riƙa ba shi ɗan aiki yana biya wa kansa. Abin lura a nan shi ne yaron bai gudu daga gida ba, bai kuwa ajiye fartanya ba. Tsafi ya ƙi, sauran hidimar da ɗa yake yi wa ubansa kuwa ya ci gaba da ita. A kwana a tashi iyayen nasa su ma suka zama Kirista.

Sai dai kada a ɗauka daga ranar baftisma ya zama waliyyi. Da samartaka ta kama shi sai zafin addinin ya yi sanyi, ya shiga irin rayuwar da shi kansa daga baya bai ɓoye cewa ba ta dace ba. Yana zuwa coci, sunansa yana cikin littafi, amma halinsa ba ya da bambanci da na wanda bai taɓa jin bishara ba. Cikin 1953 aka yi wani babban taron falkaswa a Kwoi, mutane suka riƙa tashi suna furta laifuffukansu a bainar jama'a, aka kuma yi kira a ba da baiko domin a aika masu bishara zuwa wuraren da ba a kai ba. Byang ba shi da kuɗi. Sai ya tuɓe rigarsa ya ajiye a kan kayan baiko. Wanda ya san darajar riga a wurin ɗan talaka na wancan zamani ya san ba ƙaramin abu ya yi ba. Amma bisa ga yadda ya riƙa ba da labarin daga baya, yana ajiye rigar sai zuciyarsa ta gaya masa cewa Ubangiji ba riga yake nema ba, mai rigar yake nema. A ranar ya yi alkawarin ba da ransa duka ga aikin bishara, kuma bai sāke waiwayawa ba.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin abin da ya faru a ranar nan shi ne mabuɗin rayuwarsa, kuma ya taɓo wata tsohuwar magana da Kirista suka daɗe suna juyawa. Addinin Kirista, musamman a wurin masu bin tafarkin da Martin Luther ya buɗe a Jamus cikin 1517, yana koyar da cewa ceto kyauta ce daga Allah. Kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya yi amfani da ita ita ce alheri, watau abin da aka yi maka ba don ka cancanta ba. Wasiƙun Manzo Bulus, musamman wadda ya rubuta wa Romawa da ta Afisawa, sun tsaya a kan cewa ba wanda zai sayi gafara da aikinsa. To, sai tambaya ta taso, kuma tun zamanin Bulus ɗin aka yi ta: in kyauta ce, me zai hana mutum ya karɓa ya ci gaba da sheƙe ayarsa? Wasiƙar Yaƙubu ta amsa da cewa bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba gawa ce. Saboda haka ramuka biyu ne a gefen hanya. Wani yakan faɗa na dama, ya mai da addini ciniki, yana lissafin azuminsa da baikonsa kamar mai bin Allah bashi. Wani kuma yakan faɗa na hagu, ya ce tun da an gafarta masa ai shi ke nan, tsoron Allah ya fita daga zuciyarsa.

Byang ya ɗanɗani ramukan nan duka biyu tun bai cika shekara 18 ba. Tsakanin baftismarsa da 1953 yana cikin na hagu. Sa'ad da ya tuɓe riga kuwa, saura kaɗan ya faɗa na dama, ya ɗauka ya biya. Abin da ya fita da shi daga taron shi ne, biyayya ba kuɗin sayen alheri ba ce, godiyar wanda aka yi wa alheri ce, kuma wanda ya san girman wanda ya yi masa kyautar ba zai yi wasa da umarninsa ba. Duk abin da ya koyar daga baya, a Hausa ko a Turanci, a ƙauye ko a gaban furofesoshi, bai fita daga cikin wannan da'ira ba.

Cikin 1955 ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawan Ilori, ya gama cikin 1957. A shekarar ce kuma ya auri Jummai, 'yar garinsu, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Ya yi koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa, inda ake horar da fastocin karkara da fassarar nan ta 1932, sa'an nan ga zaman da ya yi a Mushin. Aikin amsa wasiƙu ya zame masa makaranta. Yaran sakandare da malamai da akawuna daga ko'ina a Afirka ta Yamma suna rubutowa da damuwarsu, wannan a kan aure, wancan a kan tsoron maita, wani a kan ko ya halatta Kirista ya je wurin boka in asibiti ta gaza. A nan ya gane cewa jama'a suna ta shiga coci, amma ba su da masu koya musu abin da suka shiga.

Shi kansa bai taɓa shiga sakandare ba. Ta hanyar wasiƙa ya yi karatu da dare bayan ya tashi daga aiki, har ya ci jarrabawar GCE, ƙaramar da babbar. Cikin 1963 ya tafi Ingila, ya shiga London Bible College, ya sami digirin Jami'ar London a fannin tauhidi cikin 1966. Ya komo ya koyar a Igbaja, amma bai daɗe ba, don cikin 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM cikin 1954, ya koma Jos. Shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke ke nan. Ikilisiyar tana da 'ya'ya a cikin sojan Tarayya, tana kuma da 'ya'ya Inyamurai waɗanda suka bar Arewa cikin 1966 suka koma Gabas. Riƙe irin wannan gida ba wasa ba ne ga mutum mai shekara 31, ga kuma hidimar kai agaji ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Da aka ajiye makamai cikin 1970 sai ya tafi Amurka, makarantar tauhidi ta Dallas, ya yi digiri na biyu cikin 1971, aka ba shi na dokta cikin 1974.

Binciken da ya fara yi a Dallas a kan addinin kakanninsa ya yi shi. Ya nuna cewa Jaba sun san akwai Mahalicci, suna kiransa Nom, tun kafin Bature ya zo. Bai musa wannan ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, sanin akwai Allah daban, samun hanyar sulhu da shi daban. Mutanensa sun san Nom yana sama, amma hidimarsu ta yau da kullum ga iskoki da dodanni take, cikin tsoro, ana yanka ana zuba jini don a kauce wa fushinsu. A ganinsa wannan fargaba ce irin ta bawa a gaban mugun ubangida, ba ita ce tsoron Allah da Littafi yake nufi ba, wanda yake tafiya tare da ƙauna da amincewa.

Wannan ra'ayi ne ya haɗa shi da manyan malaman zamaninsa. A shekarun nan ƙasashen Afirka sun sami 'yanci, kowa yana neman ya dawo da martabar al'adun da Turawa suka wulakanta, kuma gaskiya ne an wulakanta su. Furofesa John Mbiti na Kenya, wanda ya koyar a Makerere, da Furofesa Bolaji Idowu na Jami'ar Badun, wanda ya rubuta littafi a kan Olodumare cikin 1962, sun yi ƙoƙarin nuna cewa addinan gargajiya suna da daraja, kuma Allah bai bar Afirka cikin duhu ba. Sashen nazarin addinai na Badun yana buga wata mujalla mai suna Orita, watau mararraba da Yarabanci. Kato ya ga cewa in aka bi wannan hanya har ƙarshenta, za a wayi gari ana cewa kowace hanya tana kaiwa gida. In kuwa haka ne, to, mutuwar Almasihu ba ta da amfani, alheri ya zama abin banza, kuma ba sauran dalilin da zai sa yaro ya sha dūka a hannun ubansa don ya ƙi tsafi. Littafinsa, Theological Pitfalls in Africa, wanda aka buga a Kisumu ta Kenya cikin 1975 da gabatarwar Billy Graham, a kan wannan ya tsaya.

Littafin yana da zafi, kuma ba laifi a ce a wasu wurare zafin ya yi yawa. Rubutun saurayi ne mai gaggawa, wanda ya ga gobara yana ihu, bai tsaya zaɓen kalmomi ba, har ya ɗora wa abokan gardamarsa abin da su suka ce ba su nufa ba. Masu sukarsa suka ce bakin Turawan Mishan ne kawai, kuma daga baya Kwame Bediako na Gana ya yi masa doguwar suka cikin littafinsa na 1992. Amma masu cewa ya ƙi al'adar Afirka ba su yi masa adalci ba. A babban taron bishara na duniya da aka yi a Lausanne ta Suwizalan cikin Yuli 1974, inda wakilai wajen 2,700 daga ƙasashe 150 suka hallara, Kato ya tsaya a kan cewa dole bishara ta sa rigar ƙasar da ta shiga, a yi sujada da harshen mutane da kiɗansu da salon waƙarsu. Ya kuma sha tuna wa jama'a cewa addinin Kirista ya kafu a Masar da Habasha tun kafin ya kai yawancin ƙasashen Turai. Iyakar da ya ja ita ce, al'ada ce za a auna da Littafi, ba Littafi za a auna da al'ada ba.

Maganar kuwa ba ta tsaya a takarda ba. A Chadi, Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa mutanen kudancin ƙasar, har da ma'aikatan gwamnati da shugabannin coci, su shiga daji a yi musu al'adar yondo, da sunan komawa ga asali. Kiristocin da suka ƙi sun sha azaba cikin 1973 da 1974, waɗansu suka rasa rayukansu, aka rufe coci-coci, har soja suka kashe Tombalbaye cikin Afrilu 1975. Kato ya san abin da ake yi a irin wannan daji, saboda haka bai ɗauki batun a matsayin rawa da kiɗa kawai ba. Ƙaramin littafinsa a kan juyin al'adu a Afirka da bangaskiyar Kirista, wanda ya fito bayan rasuwarsa, ya yi shi ne domin talakan Kirista da aka tsare da irin wannan zaɓi, ya san inda zai bi hukuma da inda zai ce a'a.

Tun cikin 1973, a taron da aka yi a Limuru ta Kenya, aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar Kiristoci masu bishara ta Afirka da Madagaska, AEAM, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin. A wurin taron ya kwatanta ikilisiyar Afirka da mai ciwon rashin jini: ga jiki ya yi girma, amma ba ƙarfi, domin ba ilmin tauhidi mai zurfi. Maganin da ya kawo shi ne a kafa manyan makarantu biyu, ɗaya ta masu Faransanci, ɗaya ta masu Ingilishi, da hukumar da za ta riƙa auna darajar makarantun tauhidi, a kuma sami 'yan Afirka masu rubuta littattafai. A wannan lokaci ne kuma ake ta muhawara a kan shawarar da John Gatu na Kenya ya kawo cikin 1971, wadda taron coci-cocin Afirka na Lusaka ya ɗauka cikin 1974, cewa Turawa su dakatar da aiko 'yan Mishan da kuɗi na ɗan lokaci don Afirka ta tsaya da ƙafarta. Kato ya yarda ikilisiya ta ci da kanta, ai ECWA tana da ƙungiyarta ta aika masu bishara 'yan ƙasa wadda aka fara tun 1948. Abin da ya ƙi shi ne a ce wani taro yana da ikon dakatar da umarnin da ba shi ya bayar ba.

Shekara biyu da ya yi a Nairobi kusan a jirgin sama ya yi su. Yau yana wannan ƙasa, gobe yana waccan, ga lacca, ga rubutu, ga neman kuɗin makarantun da yake so a gina, ga muƙamin da aka ƙara masa a ƙungiyar masu bishara ta duniya. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa duk da haka ba ya wasa da addu'ar iyali da haddar ayoyi a gidansa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa 10 ga Disamba 1975 Majalisar Coci-coci ta Duniya ta yi babban taronta a Nairobi, ya halarta a matsayin ɗan kallo, ya fito a gajiye tilis. Sai ya ɗauki iyalinsa suka tafi bakin teku kusa da Mombasa don ya huta.

Ran 19 ga Disamba 1975 ya shiga ruwa, bai fito ba. Da aka sami gawarsa labari ya bazu, mutane suka yi ta maganganu iri iri kamar yadda aka saba in babban mutum ya mutu farat ɗaya. Shekararsa 39. Aka kawo shi gida aka binne a Kwoi, 'yan makonni kafin gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar kafa sabon babban birni a Abuja, wanda daga baya ya jawo dubban 'yan ƙasarsa zuwa Karu da Nyanya da Jikwoyi, inda coci-cocin ECWA suke cika ran Lahadi.

Makarantun da ya roƙa bai ga ko ɗaya ba. Hukumar auna makarantun tauhidi, ACTEA, ta kafu cikin 1976. Ta masu Faransanci ta buɗe a Bangui cikin 1977, ta masu Ingilishi kuma a Nairobi cikin 1983, ita ce daga baya ta zama Africa International University. A Jos, makarantar tauhidi ta ECWA da aka buɗe cikin 1980 ta sa wa ɗakin karatunta sunansa, kuma a nan ɗalibai 'yan Kwoi da Kagoro da Igbaja da Aba suke zama suna karanta littafin nasa tare da littattafan waɗanda suka yi masa raddi.